Irin Goggo Ba Shi da Laifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari yake haɗuwa a gabas ya watse bai zubar da komai ba. Kafin in baro wurin aiki, in ratsa cunkoson Bacirawa, in kai ƙauyenmu da ke bayan Ungogo, har mata sun gama yi mata wanka da sutura. Na dai samu salla, na kuma samu kama makara. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Daga ciki ana jiyo mata, wata tana cewa an yi rashin mai ƙuli, wata tana cewa daga yau an daina jin ƙamshin man gyaɗa a lungun nan. Wata tsohuwa ta zo tun daga Rimin Gado a bayan babur, ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a bakin turmin Goggo tana share hawaye da gefen mayafi. Inna ta ce mini tun matar tana amarya Goggo ta zuba mata irin gyaɗa a haɓar zane, kuma har yau jikokin wannan iri take shukawa.

A waje kuwa maza suna ta abin da aka saba. Wani ya ce baiwar Allah ce mai azumin Litinin da Alhamis. Wani ya ce sai dai akwai faɗa, aka ɗan murmusa. Sai Baffa, ɗan ƙanin kakanmu, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da namu, ya gyara zama, ya ja carbi, ya ce:

"Allah ya jiƙan Yaya. Ni dai ku shaida, maganar irin nan da ta ba mu ya cinye mana gonaki, na yafe mata duniya da lahira."

Mutane suka ce, "Madalla, Alhaji. Allah ya saka da alheri. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka shafa. Ni ma na ce amin, da bakina, ina zaune kusa da Baba, ana ta miƙo mini hannu ana cewa, "Dakta, ya haƙuri?" Wannan amin ɗin ta tsaya mini a rai kwana uku cur. Ita ce ta sa nake wannan rubutu, domin Goggo ba ta yi wa Baffa laifin da zai yafe mata ba. Ni na yi laifin, kuma shekara goma sha bakwai ke nan ina sane.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ita, don kada a tuna da ita da laifina kaɗai.

Gajeriya ce, mai babbar murya, bakinta kullum ja da goro. Ta yi aure a wani gari, ta haifi uku, duk suka koma suna ƙanana, mijin ma ya bi su. Tun kafin a haife ni ta dawo gidan ƙaninta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu da 'yar gayauna a bayan gida. Sana'arta ƙuli da man gyaɗa, amma abin da aka san ta da shi a unguwarmu shi ne ajiyar iri. Duk kaka, kowane gida yakan kawo mata gyaɗar da yake so ta zama irin baɗi. Sai ta baje ta a tabarma ta bi ta ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza a kunne, ta matsa da yatsa, wadda ba ta yi mata ba ta wurga wa awaki. Ta gauraya sauran da toka, ta ɗura a tuluna, ta liƙe bakinsu da laka. Kowane tulu ta san na gidan wane ne, ba tare da wata alama ba. Idan damina ta matso sai a zo a karɓa. Ba a taɓa jin gara ko ɓera ya taɓa irin da Goggo ta liƙe ba.

Ba ta ba ka tulunka sai ta haɗa maka da wa'azi, kuma wa'azin bai taɓa canzawa ba. "Ruwan fari za ka bi, kada ka jira kowa." Sai na biyu, wanda har yara suka mayar da shi abin tsokana idan ta wuce: "Ka matse ta. Kada ƙasa ta ga sama." Ita gyaɗarta kusa-kusa take shuka ta, ta yadda idan ta yi wata guda ba ka ganin ko tafin hannu na ƙasa a tsakani.

Babbar abokiyar gabarta ita ce kuturtar gyaɗa. Duk wanda ya yi noma ya san ta: shukar ta tsuke ta ƙi girma, ganyen ya yi rawaya ya nannaɗe, ka tona ba ka samu komai. Goggo takan bi gayaunarta da safe tana juya ganye, tana neman darɓa, 'yan ƙwarin nan baƙaƙe masu manne wa ƙasan ganye suna tsotsa. Da ta ga tsiro guda ya fara tsukewa sai ta tuge shi, ta haƙa rami ta binne. Ina sakandare na taɓa ce mata ta bar shi mana, ko zai warke. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Wannan ba ciwon fata ba ne, ɗan boko. Baƙo ne ya shiga har ƙurya ya zauna yana ba da umarni. Ka ga ganyen nan? Ba gyaɗa yake yi wa aiki ba yanzu."

Na yi dariya. A lokacin duk abin da ba a rubuce yake da Turanci ba dariya yake ba ni.

Faɗanta da Baffa kuwa tsoho ne, kuma kan gyauro ne, wato gyaɗar da ta faɗi a ƙasa lokacin cira ta sake tsirowa da kanta. Baffa yana da lambu a bakin rijiya, kuma da rani gyauro yakan fito masa kore shar a gefen kwalbatin ban-ruwa. Shi murna yake yi, ya samu abin ba tumaki. Wata safiya ya je ya tarar da Goggo a tsakiyar lambun, zane a ɗaure tamau, ta tuge gyauron tas ta tara.

"Yaya! Lambuna ne ko naki?"

"Naka ne. Darɓar da kake kiwo a ciki ce ta kowa."

Magana har gaban mai unguwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan take yin rani. Shi yake ba ta masauki, damina ta yi ta fito ta bi gonakin mutane." Mai unguwa ya ce duk da haka ta ba shi haƙuri. Ta juya ta ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji ƙarami. Amma baɗi ma ina nan tafe." Da la'asar ta aika masa da ƙuli mai zafi cike da kwano. Baɗin kuma ta je. Haka suka yi shekaru, ya yi ta bambami, ya ci ƙuli, kuma duk safiya sai ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ita kuma ta ce, "Lafiya lau, ya darɓarka?"

Ni ne na farko a unguwarmu da ya shiga jami'a, kuma aikin gona na karanta. Duk wanda zai shiga birni sai Goggo ta ba shi gwangwanin madara cike da ƙuli ya kai mini. Nakan ɓoye shi a ƙasan akwati don kada abokan ɗaki su ga abincin ƙauye, in ci a ɓoye. Ko wannan kaɗai ya isa abin kunya, amma ba shi ne ba.

Shekarar da na gama, na dawo gida da takarda da girman kai da wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli. Na ga ana amfani da irinta a gonar gwaji ta makaranta, ana shuka gyaɗa layi-layi, da tazara mai faɗi, abin sha'awa kamar an zana da alƙalami. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, can wata gyaɗa ce daban mai yaɗo, kuma ana yi mata feshin maganin ƙwari a kai a kai. Bayan sallar Juma'a na tara magidanta a gindin dalbejiyar nan, na yi musu lacca. Na ce matse shuka aikin jahilci ne, asarar iri ce. Na ce kada kowa ya shuka sai takin zamanin da aka yi mini alkawari ya iso, a zuba tare. Suna kallona suna gyaɗa kai. Ɗansu ne, ya je ya karanto.

Gida bakwai suka bi ni, har da namu da na Baffa. Suka karɓi tulunansu a wurin Goggo kamar kullum, suka ajiye. Ruwan fari ya sauka, muka zauna. Na biyu ya sauka, muka zauna. Goggo ta same ni a zaure ta ce, "Ɗan boko, ƙasa ta jiƙa, me kuke jira?" Na ce mata, a gaban abokaina, "Goggo, wannan maganar ilimi ce, ki bar mu da ita." Ta tauna goronta ta ce, "To." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi gayauna ita kaɗai.

Taki bai zo ba sai bayan sati uku. Muka ja igiya muka shuka, tsiro nan, tsiro can, ƙasa a buɗe tana kallon sama. Daidai lokacin da gyaɗarmu take jaririya darɓa ta taso. Ita kuwa darɓa mai fiffike, inda ta hango tsiro tsaye shi kaɗai a kan jar ƙasa nan take sauka. Kafin wata biyu gonaki bakwai sun zama abin tausayi, duk sun tsuke sun yi rawaya. Ko harawar kirki ba a samu ba. A wasu gidajen wannan gyaɗar ce kayan ɗakin 'ya, a wasu ita ce cefanen rani.

Gayaunar Goggo kuwa, da ta riga ta rufe ƙasa tun kafin darɓa ta taso, tana nan kore shar, kowa ya wuce sai ya gani. Abin da ya kamata ya wanke ta shi ya zama shaida a kanta. Ban san bakin da ya fara ba, amma Baffa ne ya faɗa a fili: iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, yaya nata ya yi namu ya mutu? Ta tsince mai kyau ta riƙe, ta ɗura mana mai cuta.

Aka taru a zauren mai unguwa. Goggo tana tsugune a bakin ƙofa, ta ja mayafi. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka yi karatun abin nan. Tsakaninka da Allah, kuturtar gyaɗa tana bin iri?"

Na san amsar. Tun ina aji uku a jami'a aka koya mana, na rubuta a jarrabawa, aka ba ni maki. Kuturtar gyaɗa ba ta bin iri. Darɓa ce take ɗauko ta daga tsiro mai cuta ta kai wa mai lafiya, kuma maganinta na farko shi ne shuka da wuri da matse shuka. Wato abin da Goggo take faɗa tun kafin a haifi malamin da ya koya mini. Kalma ɗaya ce, "a'a". Amma idan na faɗe ta, tambaya ta gaba ita ce, to me ya jawo? Ga igiyata can a rataye a zauren gidanmu.

Na dubi ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, sai an yi bincike."

Aka ce to, ko Malam ma bai kore ba. Goggo, matar nan da ake jin muryarta tun daga bakin rijiya, ta miƙe ta karkaɗe zane ta tafi gida.

Kakar wannan shekarar ba wanda ya kawo mata iri. Ta jira har aka gama sussuka, sannan ta fito da tulunan nan ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta kife su a bayan rumbu, ta bar guda ɗaya nata. Matan da suke cika ƙofar ɗakinta suka koma wucewa da gaisuwa daga nesa. Baffa ya daina ɗaga murya ta kan katanga. Yakan gaida Baba, ya gaida Inna, ya tsallake ta. Da rani gyauro ya fito a lambunsa, ba wanda ya je ya tuge.

Ni kuwa na koma karatu, kuma kamar wanda ake ja da igiya, ban tsaya a kan komai ba sai a kan wannan cuta. Duk salla idan na zo gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta, bayan gaisuwa sai ta ce:

"Ɗan boko, an gama binciken?"

In ce, "Ana kan yi, Goggo."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka. Bincike da wuya." Ta miƙo mini ƙuli. Ba ta taɓa faɗa da ɗaci ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A ɗakin gwaji na ga abin da idonta bai taɓa gani ba. Ganyen gyaɗa, idan aka yanka shi siriri aka sa a ƙarƙashin babban madubi, 'yan ɗakuna ne jere da juna, kowanne da bangonsa, da wani tantani mai laushi da ya shimfiɗu a cikinsa. A tsakiyar kowane ɗaki akwai cibiya, ita ma lulluɓe da nata tantanin, kuma a nan ake ajiye duk umarnin yadda shuka za ta girma. Ƙwayar cutar, wadda muke kira bairas, ba ta da komai nata. Ko rigar kanta ba ta da ita, sai ta ari ta wata 'yar'uwarta kafin darɓa ta iya ɗaukar ta. Amma da zarar ta shiga ɗaki sai ta lanƙwasa tantanin ciki ta yi wa kanta maɓoya, ta zauna tana hayayyafa. Ta buɗa 'yan ƙofofin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Sannan ta aika wani sinadari nata ya ratsa har cikin cibiya, ya hargitsa tsarin wurin, ƙananan dunƙulen da suke zaune daban-daban su narke su haɗe, ya janyo ɗaya daga ma'aikatan cibiyar ya fito da shi waje. Da wannan ma'aikacin take naɗe kanta, ta bi jijiyar ganye ta kai ko'ina a jikin shukar. Shukar tana nan tsaye, tana shan ruwa, tana shan rana, amma wani take yi wa aiki.

Mukan sa wa sinadarin launi kore mai haske don mu bi sawunsa. Ranar da na fara ganin koren ɗigon nan zaune daram a tsakiyar cibiya, abokan aikina suna ta murna, ni kuma sai na ji muryar Goggo da ƙamshin goronta: baƙo ya shiga har ƙurya. Na fita waje na tsaya a rana na daɗe. A kan wannan aiki aka ba ni digirin da ya sa ake ce mini Dakta.

Shekara biyu da suka wuce na kai mata hoton a waya. A lokacin yanar ido ta rufe mata gani. Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa da lalube.

"Goggo, na kawo miki hoton baƙon nan naki."

Ta karɓi wayar ta kai ta har bakin hanci, a juye. Ta ce, "Ni haske kawai nake gani. Faɗa mini da baki."

Na faɗa mata, ɗakuna da tantani da cibiya da ɗan koren ɗigo. Ta ajiye gyaɗar tana saurare, baki buɗe.

"Har ƙuryar?"

"Har ƙuryar, Goggo."

"Ya kori masu gida?"

"Bai kore su ba. Aiki ya sa su."

Ta tafa hannu ta yi dariya har da tari. "Ka ji ɗan banza! Ai wannan ya fi kora." Sai ta juyo da fararen idanunta wajena. "To, ta iri yake shiga?"

"A'a. Darɓa ce take kawo shi. Ko uwar ta kamu, ƙwayar da ta bari lafiyarta ƙalau."

"Yaushe ka gano?"

Na so in ce kwanan nan. Bakina ya ƙi. Na ce, "Tun kafin ranar zauren mai unguwa."

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare. "Na sani. Tun kana rarrafe, in ka yi ɓarna ƙasa kake kallo."

Na tambaye ta me ya hana ta tona mini asiri. Ta ce, "Kai kaɗai ne ɗan bokonmu a lokacin. Shekarar aka fara kai yaran unguwar nan makaranta, har da mata, don an ga ka. Da an ce boko ne ya kashe gyaɗa, da washegari an kwaso su. Ni tsohuwa ce, zargi ba ya hana ni barci." Ta tofar da ɓawon goro. "Amma yanzu yaran sun yi karatun, wasu ma sun fi ka. Ni ba ni nake bukatar jin maganar nan ba. Ga katanga can, mai ita yana bayanta. Ba don ni ba, ka ji. Tsoro nake ji ya je gaban Allah da alhakina a wuyansa, alhali shi ma yaudarar sa aka yi."

Na ce, "In sha Allahu Juma'a mai zuwa, Goggo."

Juma'a ta zo, na ce akwai taro a wurin aiki. Wata ta zo, na ce Baffa ba ya jin daɗi, kada in tayar masa da hankali. Wata kuma an gayyace ni in yi wa manoman yankin jawabi a kan kuturtar gyaɗa, na tsaya da babbar riga na ce musu su shuka da wuri su matse shuka, aka yi mini tafi. Gaskiyar ita ce ina son "Dakta" ɗin nan da ake ce mini a ƙofar masallaci, ina kuma tsoron fuskar Baffa. Juma'a fiye da ɗari ta wuce. Ba ta ƙara tambaya ta ko an gama bincike ba.

Ranar sadakar uku, liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, na ji idan aka shafa wannan fatiha ban yi magana ba, to ba zan ƙara yi ba har abada. Na miƙe. Na ce Malam ya yi haƙuri, ina da magana a kan mamaciya.

Na faɗa musu duka. Na ce kuturtar gyaɗa ba ta bin iri, ba ta taɓa bi ba. Na ce jinkirin da na sa su da igiyar da na ja musu su suka kashe gonaki bakwai. Na ce ranar da mai unguwa ya tambaye ni na san amsar, na ɓoye don in tsira da mutuncina. Na ce irin Goggo ba shi da laifi, ita ma ba ta da shi. Kukan mata ya tsaya a cikin gida, ashe suna bayan zaure suna ji. Baba ya sunkuyar da kai bai ɗago ba.

Baffa ya daɗe yana kallona, carbi a tsaye a hannunsa. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take.

"Shekara goma sha bakwai ban gaida Yaya da safe ba. Ina jin tarinta ta kan katanga, in juya baya." Ya ajiye carbin. "Shekaranjiya na zauna a nan na ce na yafe mata, kana kusa da ni ka ce amin. Kai ga ni a raye, ka zo ka roƙe ni. Ni wa zan je in roƙa?"

Liman ya ce a yi salati. Baffa ya lalubi takalmansa ya shiga gida, ba a ƙara ganinsa ba ranar.

Da yamma Inna ta kira ni ɗakin Goggo. Tulun nan guda yana kusurwa, bakinsa liƙe da laka, da sawun yatsunta a jiki. Duk shekarun nan ba ta bari irin ya mutu ba, ko da gayaunar ta tsuke, gidajen bulo na 'yan birni sun kewaye ta ta uku. Inna ta ce, "Cewa ta yi a ba ɗan boko. Ta ce in ka gama binciken za ka san abin da za ka yi da shi." Washegari mata suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ba mai kallon idon wata. Na fasa lakar tulun, Inna ta dinga zuba musu irin tafi ɗaya-ɗaya.

Ya Allah, ka jiƙan Goggo, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Ka sa haƙurin da ta yi da mu ya zame mata inuwa. Ni kuma ka yafe mini, ko da yake wadda ya kamata ta ji wannan roƙo a gaban jama'a ba ta ji shi ba.

Ruwan fari ya sauka ranar Asabar, kwana goma sha ɗaya bayan rasuwarta. Ban jira kowa ba. Da gari ya waye na ɗauki sungumi da ragowar irin na nufi gayauna. Na tarar da Baffa tsaye a bakinta, ya naɗe ƙafar wando, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Na gaishe shi, bai amsa ba. Ya miƙo hannu ya karɓi ƙwaryar. Na shiga gaba ina sara, yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Mun kai tsakiyar kunya ta biyu sai na ji ya tsaya. Na waiwaya. Yana kallon ramukan da na sara, hawaye yana bin gemunsa. Ashe hannuna har yanzu tazarar igiyar nan yake bi.

Ya ce, "Matso da saran, Dakta. Ƙasa tana ganin sama."